Darasin Lafiya: Doguwar Jijjiga a Jikin Yara da Abin da Gwajin Dabbobi Ya Koya Mana

 

A daminar da ta wuce, wata dattijuwa ta shigo shagon maganinmu da hantsi, goye da jikanta ɗan wata 18, uwar yaron na biye da ita. Zazzaɓi ne ya rufe shi da dare, idanunsa suka kafe, jikinsa ya sandare, ya shiga fizge-fizge. An kai shi asibiti, an gwada jini, an yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan kwana biyu aka sallame su. Abu biyu ya kawo ta wurinmu. Na farko, tana so mu sayar mata da ƙananan fararen ƙwayoyin nan da wata maƙwabciyarta ke ba ɗanta kullum don kada abin ya dawo. Na biyu tambaya ce: "Dakta, ka gaya mini tsakani da Allah, yaron nan zai yi karatu kuwa?"

Muka ce mata, "Hajiya, minti nawa ya yi yana jijjigar?" Ta ce ai ya daɗe ƙwarai. Uwar yaron kuwa ta ce kafin ta gama ɗaura zane ta leƙa neman tasi, abin ya riga ya lafa. Babu wanda ya duba agogo a cikinsu, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin mai ganin ɗansa a wannan hali ba ya tuna agogo. Amma amsar tambayar Hajiya tana rataye ne da wannan lissafi. Darasinmu na yau zai nuna dalili, kuma yawancin hujjojin daga ɗakunan gwajin dabbobi suka fito.

Jijjiga iri-iri ce

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙananan saƙonnin lantarki da ƙwayoyinta ke aika wa juna bi da bi. Jijjiga tana faruwa sa'ad da ɗimbin ƙwayoyin suka harba saƙo gaba ɗaya ba tsari, sai jiki ya bi. A gidajenmu ana ce mata jijjiga, ana ce mata taune-taune, tsofaffi kuma kan ce bugun tsuntsu. Jijjiga ɗaya ba ita ce farfaɗiya ba. Farfaɗiya ita ce idan jijjigar tana dawowa da kanta ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba.

Wadda ta fi yawa a yara ita ce jijjigar zazzaɓi, tsakanin wata 6 da shekara 5. A Turai da Amurka, yara 2 zuwa 5 cikin 100 suna yin ta. Yawancinta gajeruwa ce, minti biyu ko uku ta wuce. Wajen yaro ɗaya cikin uku da ya yi ta zai sake yi a wani zazzaɓin, sa'an nan ya girma ya bar ta. Kaɗan ne daga ciki, wajen 5 cikin 100, suke kai minti 30 ko fiye, kuma a kan waɗannan ne maganarmu take.

A 2015, ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta sa iyakoki biyu ga jijjigar da ta kama jiki duka. Iyaka ta farko minti 5: daga nan da wuya ta tsaya da kanta, sai a fara magani. Iyaka ta biyu minti 30: daga nan ana tsoron lahani mai ɗorewa a ƙwaƙwalwa. Ku riƙe lambobin nan biyu.

Me ya kawo dabbobi cikin maganar?

A shekarun 1960, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Landan mai suna Murray Falconer yana yi wa masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani aiki. Ya lura cewa da yawansu suna da tabo a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ke can ciki, daidai saitin kunne, wanda ake kira hifokamfas. Wannan sashe shi ne rumbun da sabon abin da mutum ya koya yake fara shiga kafin ya zauna, shi ne kuma ke riƙe taswirar wurare. Da aka bi tarihin waɗannan marasa lafiya, sai aka ga da dama sun yi doguwar jijjigar zazzaɓi suna ƙanana.

Nan tambaya ta taso. Jijjigar ce ta yi tabon, ko kuwa yaron dama an haife shi da rauni a wurin, raunin ne ya sa jijjigarsa ta yi tsawo? A jikin mutum ba a iya raba biyun nan, domin ba wanda zai ɗauki lafiyayyen jariri ya jawo masa jijjiga don ya ga abin da zai faru. A jikin dabba kuwa ana iya ɗaukar 'yan uwa ciki ɗaya, lafiyayyu, a sa rabi su yi jijjiga ta tsawon da aka ƙayyade, a bar rabi, a jira su girma, a gwada. Ɓera yana balaga cikin wata biyu zuwa uku, don haka abin da za a jira shekara ashirin a gani a mutum, ana ganinsa cikin 'yan watanni.

Darasi na farko: biran Meldrum

A 1973, Brian Meldrum da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a kan matasan gwaggon biri. Sun yi musu allurar wani sinadari mai tayar da jijjiga, suka riƙa auna hawan jini, zafin jiki, sukari da iskar numfashi. Biran da jijjigarsu ta kai wajen minti 80 zuwa sama, an tarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu sun lalace a wurare da dama, har da hifokamfas. Sun kuma ga yadda jiki ke ƙoƙari a rabin awar farko: jini yana hawa, yana kai wa ƙwaƙwalwa ƙarin abinci da iska. Bayan haka sai jiki ya fara gajiya, jini ya sauka, zafi ya hau, sukari ya faɗi.

Sai suka sake gwajin ta wata hanya. Suka ba biran maganin da ke sa tsoka ta saki, suka sa musu na'urar numfashi, ta yadda jiki yana kwance shiru, iska tana shiga yadda ya kamata, amma guguwar lantarkin tana ci gaba a ƙwaƙwalwa har sa'o'i. Lahanin ya ragu, amma bai ɓace ba. Wato zafi da ƙarancin iska da faɗuwar sukari suna ƙara ɓarna, amma ita kanta jijjigar, in ta yi tsawo, tana cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa danne yaro don ya daina motsi ba ya tsinana komai. Wutar a ciki take.

Darasi na biyu: ƙwaƙwalwar jariri daban take

Biran Meldrum matasa ne. Da masu bincike suka koma kan jariran ɓeraye, sai suka tarar da abin da ya ba su mamaki. A shekarun 1980, Solomon Moshé a Niyok da Yehezkel Ben-Ari a Faransa, kowa a ɗakin gwajinsa, sun nuna cewa jaririn ɓera ya fi babba saurin kamuwa da jijjiga, amma ƙwayoyin hifokamfas ɗinsa sun fi na babba jure mata. Jijjigar da za ta kashe ƙwayoyi masu yawa a babban ɓera, sau da yawa takan bar na jariri a raye.

Dalilin saurin kamuwar an gane shi. Ƙwaƙwalwa tana da totur, tana da birki. Birkin shi ne wani sinadari da ake kira GABA. A ƙwaƙwalwar da ba ta nuna ba, totur ya riga birki ƙarfi, domin koyo yana buƙatar ƙwayoyi masu saurin amsawa. Ben-Ari ya nuna a 1989 cewa a kwanakin farko na rayuwar ɓera, wannan GABA ɗin kan zuga ƙwayoyin ne maimakon ya kwantar da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa jijjiga ta fi yawa a farkon rayuwa.

Da aka ga ƙwayoyin ba sa mutuwa da yawa, an daɗe ana cewa ashe jijjiga ba ta cutar da jarirai. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun gyara wannan fahimta. Gregory Holmes da abokansa sun jawo wa jariran ɓeraye jijjiga a kai a kai a kwanakinsu na farko, suka bar su suka girma. Da aka ƙirga ƙwayoyin, suna nan cif. Amma jijiyoyin da ke haɗa su sun yi rassa zuwa wuraren da ba nasu ba, kuma ɓerayen sun fi 'yan uwansu jinkirin koyo. Ku ɗauki gidan da ake kan gini, aka zo aka jona wayoyin wuta ba daidai ba. Bulo bai rushe ba, rufi yana nan, amma in ka kunna fitilar zaure sai ta ɗaki ta kama. A 1999 kuma, Sookyong Koh da abokan aikinta sun nuna cewa ɓeran da ya yi doguwar jijjiga yana jariri, in ya sake yin wata yana babba, lahanin da take yi masa ya fi na ɓeran da bai taɓa yi ba.

Darasi na uku: tsawon lokaci shi ne ma'auni

Gwajin da ya fi kusa da abin da muke gani a gidajenmu shi ne na Tallie Baram, likitar ƙwaƙwalwar yara a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Daga 1997, ita da abokan aikinta suna ɗaukar jariran ɓeraye 'yan kwana 10 ko 11, shekarun da hifokamfas ɗinsu ya yi kama da na jaririn mutum, su busa musu iska mai ɗumi har zafin jikinsu ya kai irin na zazzaɓi mai tsanani. Kusan dukkansu sukan yi jijjiga. Sa'an nan a sanyaya su, a mayar wa uwarsu.

Nan ma ƙwayoyin ba su mutu ba. Amma halinsu ya canza, kuma canjin ya zauna. A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi da gishirin jiki ke shiga da fita ta cikinsu, su ne ke tsara yaushe ƙwaya za ta harba saƙo. Bayan doguwar jijjiga, an ga yawan wasu daga ƙofofin nan da yanayin aikinsu ya sauya har bayan watanni. An kuma ga alamun kumburi a hifokamfas. Da ɓerayen suka girma, ɗan abin da ba ya motsa 'yan uwansu sai ya jefa su cikin jijjiga.

A 2006, Céline Dubé ta wannan ɗakin gwaji ta sa ido a kan ɓerayen da kyamara da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda suka yi jijjiga ta wajen minti 24, kimanin 35 cikin 100 sun fara jijjiga da kansu bayan sun girma, wato farfaɗiya. A 2010 suka tsawaita jijjigar zuwa wajen awa guda. Adadin ya hau zuwa kimanin 45 cikin 100, kuma farfaɗiyar ta fi tsanani da tsawo.

Lambobin nan fuska biyu gare su. Ƙarin tsawo yana kawo ƙarin haɗari, kuma an gani a lafiyayyun dabbobin da ba su da wani rauni tun farko, don haka jijjigar da kanta ta isa ta jawo farfaɗiya. Amma ko a cikin waɗanda suka yi awa guda, fiye da rabi ba su kamu ba.

Batun karatu

Yaya ake gane ɓera yana da ƙwaƙwalwar koyo? Richard Morris ya ƙirƙiro wata hanya a Sukotland a farkon shekarun 1980. Ana cika babban baho da ruwan da aka gurɓata don kada a ga ƙasa, a ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan a wuri ɗaya. Ɓera ba ya son zama cikin ruwa, sai ya yi ta iyo har ya ci karo da dandamalin. Lafiyayyen ɓera cikin 'yan kwanaki yakan haddace wurin ta hanyar lura da alamomin ɗakin, ya nufe shi kai tsaye. Wannan aikin hifokamfas ne.

Wasu daga ɓerayen da suka yi doguwar jijjiga suna jarirai sukan daɗe suna kewaye kafin su gane wurin. Ba dukkansu ba. A gwajin Baram, waɗanda hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna canji a hifokamfas su ne suka fi shan wahala, sauran kuwa sun yi daidai da 'yan uwansu.

Akwai labari mai daɗi a nan. A 2002, ɗakin gwajin Holmes ya raba ɓerayen da suka yi doguwar jijjiga gida biyu. Wasu aka mayar da su kejin da aka saba, wasu aka sa su a wuri mai faɗi da kayan wasa da abin hawa da abokai. Na biyun sun fi na farko iya gano dandamalin. Ƙwaƙwalwar yaro tana kan gini, abin da ya sa take saurin karkacewa shi ne kuma ya sa take karɓar gyara. Yaron da ya yi doguwar jijjiga ba a killace shi a ɗaki. A yi masa hira da tatsuniya, a bar shi ya yi wasa da tsaransa, in lokaci ya yi a sa shi makarantar allo da ta boko kamar kowa.

Darasi na huɗu: magani ma yana tsere da agogo

Wannan sashe shi ya fi shafar aikinmu na masu harhaɗa magani. Maganin farko da ake tsayar da jijjiga da shi, diyazifam ko ɗan uwansa midazolam, yana aiki ne ta ƙara wa birkin nan na GABA ƙarfi. A 1997, Jaideep Kapur da Robert Macdonald sun gwada diyazifam a kan ɓeraye masu jijjiga. Wanda aka ba bayan minti 10, ɗan kaɗan ya isa. Wanda aka jira har minti 45, sai da aka ninka maganin kusan sau goma. A 2005 aka gano wani ɓangare na dalilin: yayin da jijjiga ke ci gaba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna janye wuraren da maganin ke kamawa daga bayansu zuwa cikinsu. Maganin yana zuwa ya tarar ƙofofin da zai ƙwanƙwasa sun ragu.

Ba kuma za a ce to a ninka wa yaro magani sau goma ba, domin diyazifam mai yawa yana tsayar da numfashi. Shi ya sa a asibiti ake auna shi da nauyin yaro, kuma bayan sau biyu ake komawa wani magani daban. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Rabin awar da ake ɓatawa a gida ana jiran maigida ya dawo, ko ana hayaƙi, ita ce rabin awar da magani ya fi ci.

Fararen ƙwayoyin da Hajiya ta nema

Sunansu fenobabiton. Tsohon magani ne mai araha, kuma yana da amfani ƙwarai ga mai farfaɗiya da likita ya rubuta wa, da kuma jarirai sababbin haihuwa a asibiti. Wanda aka ɗora a kansa kada ya daina ba da izinin likita ba, domin yanke shi farat ɗaya kan jawo doguwar jijjiga. Amma ba abin da za a saya a ba yaro mai jijjigar zazzaɓi ba ne don rigakafi.

A 2002, masu bincike a Balin ta Jamus sun nuna cewa fenobabiton da wasu magungunan jijjiga suna sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye su mutu fiye da ƙima. Tun kafin nan, a 1990, an wallafa wani gwaji a Amurka a kan yara 217 masu jijjigar zazzaɓi. Waɗanda aka ɗora a kan fenobabiton kullum, bayan shekara biyu makinsu a gwajin basira ya gaza na sauran da wajen maki 8, kuma maganin bai hana jijjigar dawowa yadda aka yi fata ba. A Kilifi ta ƙasar Kenya kuma, a wani gwaji da aka wallafa a 2000 a kan yara 340 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, allurar fenobabiton ta rigakafi ta rage jijjiga, amma mace-mace sun kai 18 cikin 100 a waɗanda aka yi wa, a kan 8 cikin 100 a waɗanda ba a yi wa ba. Ba mu sayar wa Hajiya ba, kuma muna roƙon masu shagunan magani na unguwanninmu su ma kada su sayar ba takardar likita.

Ɗan mutum ba ɓera ba ne

Dole a auna gwajin dabba da abin da aka gani a yara. A Birtaniya an bi yara sama da 14,000 da aka haifa a mako guda na watan Afrilu 1970. Kusan 400 daga cikinsu sun yi jijjigar zazzaɓi. Da suka kai shekara 10, a karatu da basira da ɗabi'a ba su gaza tsaransu ba. Yaron da ya yi gajeruwar jijjigar zazzaɓi, haɗarin ya zama mai farfaɗiya ya ɗara na sauran yara ne da kaɗan kawai.

A ɓangaren doguwar kuwa, wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin Shlomo Shinnar ya bi yara 199 da jijjigar zazzaɓinsu ta kai minti 30 ko fiye. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu cikin 'yan kwanaki. Kimanin 11 cikin 100 sun nuna alamar rauni a hifokamfas, kuma yawancin waɗanda aka sake ɗauka daga cikinsu daga baya, wurin ya ƙanƙance ya yi tabo, irin tabon da Falconer ya gani. Sauran, kusan 9 cikin 10, ba su nuna wannan alama ba. Abin da aka gani a yara ya bi sawun abin da aka gani a ɓeraye: gajeruwa ba ta barin komai, doguwa tana barin tabo a wasu, yawanci kuma suna tsira.

Mu nan Gana

Ɓerayen ɗakin gwaji zafi kawai aka ba su. Yaranmu kuwa sau da yawa akwai cuta a ƙarƙashin zafin. Zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan abubuwan da ke jawo jijjiga a yaran ƙasashenmu, kuma jijjigarsa ta fi yawan yin tsawo da maimaituwa. Yana zuwa da faɗuwar sukari da ƙarancin jini, irin abubuwan da Meldrum ya nuna suna ƙara ɓarna. Akwai sanƙarau, musamman ga masu kai yara arewa lokacin hunturu da bazara. Yaro mai sikila kuma in ya yi jijjiga, ana tsoron toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Saboda haka a wurinmu ba a cewa "ai zazzaɓi ne kawai" sai an gwada.

Rigakafin doguwar jijjiga a nan yana farawa ne daga gidan sauro, da gwajin jini a ranar da zazzaɓi ya fara, da cika allurar rigakafi. Gana na cikin ƙasashe uku da aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a 2019, tare da Kenya da Malawi. Ku tambayi nas a wurin awo ko yaronku ya cancanta, ku kuma sabunta katin inshorar lafiya tun kafin buƙata ta taso. Farasitamol yana sa yaro ya ji sauƙi, amma kada a dogara da shi a ce zai hana jijjiga.

Idan abin ya faru a gabanku

Na ɗaya, a duba agogo ko waya a riƙe lokacin da ta fara. In akwai mutum na biyu, ya ɗauki bidiyo don likita ya gani.

Na biyu, a kwantar da yaron a ƙasa a kan gefensa, a kawar da wuta da ruwan zafi da abu mai kaifi, a sassauta masa tufafi.

Na uku, kada a sa masa komai a baki, ko cokali, ko yatsa, ko tsumma. Ba ya haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa.

Na huɗu, kada a ɗura masa ruwa, ko manja, ko jiƙo, ko rubutu yana cikin wannan hali, domin huhu zai tafi. Kada a kanga ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi. Mun sha wanke ƙunar da ta fi jijjigar daɗewa a jikin yaro. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya, ba ta hana tafiya asibiti.

Na biyar, in ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a kama hanya nan take da abin hawan da ya fi kusa, ko a kira 112. Kada a jira ta kai 30, domin tafiyar ma tana cin lokaci. A riƙe shi a kan gefensa a cikin mota.

Na shida, ko ta tsaya da kanta, a kai shi a duba shi a ranar. A ƙara gaggawa in bai kai wata 6 ba, in ta maimaita, in gefe ɗaya kawai ta kama, in wuyansa ya sanƙare, ko in bai farfaɗo ya gane mutane ba bayan rabin awa.

Iyayen da ɗansu ya taɓa yin doguwar jijjiga su tambayi likita ko ya dace a rubuta musu maganin gaggawa na ajiyewa a gida, irin wanda ake sawa ta dubura ko a gefen kumatu. In an rubuta, ku kawo mana takardar mu nuna muku yadda ake amfani da shi, mu kuma rubuta muku ranar da zai lalace a jikin kwalin.

Ita kuwa Hajiya, bayan mun bi zancen tare da 'yarta daki-daki, daga ɗaura zane zuwa leƙa ƙofa, mun ga jijjigar ba ta wuce minti uku ko huɗu ba, kuma yaron ya farka ya nemi nono kafin su isa asibiti. Muka ce mata, "Hajiya, da yardar Allah wannan ba za ta hana shi karatu ba. A ƙarasa masa maganin da aka ba ku, a rataya gidan sauro, in kuma ta sake dawowa, wani ya riƙe yaro, wani ya riƙe agogo."

Mai tambaya a kan wannan darasi ya ba sakataren ƙungiya a rubuce, ko ya same mu bayan taron wata. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.